Fim ɗin Auta da Ƙafar Inna Hajo

Ranar da Nazir ya iso Azarori da kamara, ranar aka fitar da mahaifiyarsa daga ɗakinta.

Ɗakin siminti ne mai rufin kwano, da fanka mai aiki da hasken rana. Babban ɗanta, Alhaji Abdurrahman dillalin albasa, shi ya gina mata shi. Nazir, autanta, wanda ya yi karatun sinima a Yamai, ya tsaya a bakin ƙofa da hular kaskat a juye, ya haɗa yatsunsa kamar taga, ya leƙa ɗakin ta cikinsu, ya girgiza kai.

"Inna, wanga ɗaki ba ya yi. Ya cika kyau."

Inna Hajo ta yi dariya har da tafa hannu. "Auta, yau na ji sabon aibi."

Ya durƙusa ya yi mata bayani. Wata ƙungiyar Turawa ce ta ba shi aikin dokimanter, wato fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan yadda fari ke gallaza wa tsofaffin matan Adar. Ya yawata Buza da Keita yana neman fuskar da za ta dace, bai samu kamar tata ba. Sunan fim ɗin ma ya riga ya sa: Tsohuwar Fako.

"To ni ina fari ya gallaza min? Ga rumbunan wanka Alhaji can cike."

"Kamara ba ta ganin rumbu, Inna. Abin da anka nuna mata ɗai take gani. Kwana kaɗan na, ki taimake ni. In wanga fim ya hita, na zama mutum."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta gama da ita. Ta daɗe tana jin matan unguwa suna cewa ɗanta ya tafi birni ya koyo ɗaukar hoto kamar mai bin gidajen biki. Ta ce to.

Kafin la'asar an share tsohuwar bukkar da ke bayan gida kusa da garken awaki, an shimfiɗa mata tabarmar kaba mai ɓula. Mansura, matar Alhaji, ta kwashe atamfofinta ta kulle a akwati, ta fito mata da wani zane da ake tace kamu da shi. An karɓe telehon ɗinta, don tsohuwar fako ba ta da telehon. An lulluɓe faifan talabijin da zana, an kai motar Alhaji ƙofar maƙwabta. Daga nan Nazir ya hana kowa kiransa da suna. Realizater za a ce, wato mai shirya fim.

Da farko abin wasa ne a wurin Hajo. Aka tono dutsen niƙan da ta rabu da shi tun zuwan inji, aka ce ta durƙusa ta niƙa tana waƙa. Isiyaku, abokin aikin Nazir mai ɗaukar murya, ya rataya mata wata sanda a kai mai gashi a baki kamar mushen mage. Nazir ya aika aka roƙi mai injin niƙa na ƙofar gida ya kashe injinsa, don kada a ji shi a fim. Mata suka yi layi da kwanonin hatsi suna jira, suna tsaki.

"Silans! Aksiyo!" in ji Nazir, wato a yi shiru, a fara.

Ta niƙa, ta yi waƙa. Muryarta tana nan da zaƙinta.

"Kupe! A tsaya! Inna, kin yi murmushi."

"To waƙar ta ban dariya ta."

"Mai yunwa ba ta murmushi. A sake."

Aka sake, aka sake, har gwiwoyinta suka yi kanta. Da daddare ta shafa man zafi, ta ce a ranta ai aikin ɗa ne.

Bayan kwana biyu Nazir ya duba abin da ya ɗauka, ya kira Mansura gefe. Kumatun Inna sun yi yawa, in ji shi. A rage mata nono a fura, a dakatar da nama, har a gama. Mansura ta ce ita dai suruka ce, abin da 'ya'yan gida suka ce shi za ta yi. A wannan yammacin ta shigar da keken ɗinkinta da firjin ƙanƙararta ɗakin simintin, don kada ya zauna haka nan ƙura ta ɓata shi.

Sai aka zo wurin ɗaukar itace. Suka hau da ita kan fako, inda ba komai sai jan dutse da ƙaya, rana ta bazara tana dukan kai. Nazir ya dubi ƙafarta.

"Takalman ga hwa?"

Takalman roba ne masu laushi, da aka ba ta a asibitin mishan ranar da aka gano tana da ciwon suga, aka ce ko ban ɗaki kada ta je ba su.

"Likita ya ce kar in cire."

"Inna, likita ya san magani, ni na san hoto. Daga nan zuwa wancan icce kawai."

Ta cire. Ta ɗauki damin itacen da Isiyaku ya sayo a kasuwa, ta taka daga nan zuwa wancan icce. Gajimare ya gitta, aka sake. Wani mai moto, wato babur, ya wuce ta baya, aka sake. A karo na gaba ta taka wani abu, ba ta ma ji sosai ba, sai da Isiyaku ya ga jini a kan dutse ya ce, "Realizater, tsohuwa ta yi rauni."

Nazir bai ɗaga ido daga kamara ba. "Bar ta. Dubi tahiyar nan. Wallahi ko a Turai ba a koyar da irin wanga ɗingishi."

Ƙaya ce ta shiga tafin ƙafar hagu ta karye a ciki. Mansura ta tsakale abin da ta iya da allura, ta ɗaure da tsumma. Nazir ya yaba tsumman, ya ce kada a canja shi.

"Rakor ke nan, Inna. Abin da anka gani jiya, shi za a gani yau. In mai kallo ya ga tsumma ja, gobe ya ga hwari, ya san ƙarya muke."

"Ashe ba a ƙarya a aikin naku," in ji Hajo.

"Ko kaɗan."

Ƙafa ta kumbura. Ta fara ɗoyi kaɗan-kaɗan, sai dai warin awaki ya rufe. Hajo ta bar zuwa kewaye a tsaye, sai da sanda. Nazir ya ji daɗin sandar, ya ce ita ce abin da fim ya rasa tun farko.

Ranar Asabar Ruth ta zo gaishe ta. 'Yar Garba ce, maƙwabcinsu Kirista, tana aikin jinya a asibitin mishan, kuma Hajo ce ta yi wa uwarta wankan jego lokacin haihuwarta. Ta nufi ɗakin siminti ta tarar da firji. Aka nuna mata bayan gida. Ta tsuguna ta kwance tsumman, ta duba ciwon, sannan ta tashi ta sami Nazir yana goge gilashin kamara.

"Nazir, ƙahwar Inna ta ruɓe. Yau za a kai ta asibiti, ba gobe ba."

"Realizater," in ji shi, yana gyara mata. "Ruth, na san aikinki, ina girmama shi. Amma wuri biyu suka rage min. In kun naɗa mata hwarin bandeji, kun kashe min fim. Matar da ba ta da kowa ina ta samu bandeji?"

"Ba ta da kowa? Kai mi ne?"

"Ni ina bayan kamara."

Ta tafi wurin Alhaji Abdurrahman. Ta same shi a rumfar albasa, telehon biyu a kunne biyu, ana loda babbar mota mai zuwa Abijan. Ya saurare ta da rabin kunne.

"Subhanallahi. Allah shi sawwaƙa. Kin gani, Ruth, ni ban yi lakkwal ba, yaron ga shi ya yi boko. Ya ce min in fim ya hita, har rijiya Turawa za su gina ma garin ga. Rijiya hwa! Ai lada ta, Inna ma ta samu rabonta. Bari motar ga ta tashi, ni da kaina zan kai ta. Uwata ta, wa ya hi ni sonta?"

Mansura kuwa ta ce ita tun jiya ta ce a tofa mata addu'a, kuma an tofa. Ta ƙara da cewa tsofaffi akwai son jiki.

Ruth ta koma bukka, ta wanke ciwon da abin da ke jakarta, ta naɗe shi da kyau.

"Inna Hajo, ki bi ni yanzu. In kira kabu-kabu."

Hajo ta kama hannunta. Idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe. "Ɗiyata, saura kaɗan ya ƙare. In na tahi yanzu, su ce uwarsa ta ɓata masa aiki. Bar shi shi zama mutum tukuna."

Ruth tana fita, Nazir ya shigo ya naɗa tsohon tsumman a kan bandejin. Da ya ga fari yana leƙowa ta gefe, sai ya cire bandejin gaba ɗaya, ya ce gobe in an gama ɗauka a mayar. Ba a mayar ba, akuya ta riga ta tauna shi.

Wuri biyun da suka rage suka zama huɗu, don Turawan sun ga somin aikin sun ce yana da kyau ƙwarai, sai dai babu hawaye. Nazir ya zaunar da ita a ƙofar bukka, ya ce ta tuna da mahaifinsu marigayi.

"Na yi kukansa na ƙare tun kana goye."

"To ki tuna yunwar da anka yi kina yarinya, da kuka ci 'ya'yan anza masu ɗaci."

"Mun ci, mun rayu. In yi kuka don na rayu?"

Aka aika rumfar Alhaji aka kawo albasa, irin ja mai yaji da ake yabon ƙasar da ita. Isiyaku ya yanka ya riƙe ƙarƙashin haɓarta inda kamara ba ta kaiwa, shi ma yana zubar da nasa hawayen. Nazir ya ce bai taɓa ganin baƙin ciki mai tsabta irin wannan ba.

Kashegari da hantsi zazzaɓi ya rufe ta. Zafin ya hau daga tafin ƙafa har cinya, kamar ana zuba mata garwashi a cikin ƙashi. Wannan karon kuka ya zo da kansa, ba albasa. Tana kiran sunan Allah, tana kiran Furera, 'yarta da ke aure a Tama, wadda ba wanda ya gaya wa komai. Nazir ya rugo da kamara, ya danna, ta ƙi kamawa. Batir ya mutu.

"Inna, don Allah riƙe shi! Riƙe kukan nan, yanzu Isiyaku zai kawo wani batir!"

Ta buɗe ido ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa, kamar mai son tuna inda ta san shi. Ana jiran batir ta bar kuka, ta bar magana ma.

Isiyaku bai dawo da batir ba. Gidan Garba ya bi, ya sa aka kira Ruth. Ta zo da motar wani malamin asibiti, suka ɗauki Hajo a tabarmarta. Nazir ya bi su da telehon yana ɗauka, yana roƙon direba ya ɗan ja baya a sake sa ta a mota, don rana tana bayansu. Direban ya ce masa in bai kauce ba zai sa shi cikin fim ɗin da taya.

Likitoci suka yi abin da za su iya. Ranta ya tsira, ƙafar ba ta tsira ba. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Alhaji ya zo da kaji gasassu da lemu kwali guda, ya zauna a bakin gado yana share ido da hannun riga, yana cewa haka Allah ya ƙaddaro, ba mai tsallake rabonsa. Mansura ta ce ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba. Furera, da Ruth ta kira, ta iso daga Tama ta tsaya a kan uwarta, ba ta gaida kowa a cikinsu ba. Nazir ya nemi izinin shiga da kamara ɗakin jinya, Ruth ta rufe ƙofa a fuskarsa. Ya ɗauki hoton ƙofar. A fim ya rubuta a ƙarƙashinta cewa tsohuwar ta rasa ƙafarta saboda nisan asibiti. Daga ƙofar gidansu zuwa asibitin, mai moto ba ya ƙare kofin shayi guda a hanya in da zai iya sha yana tuƙi.

Fim ya fita. An nuna shi a wani babban taron finafinai a Turai, mutane suka yi ta kuka a cikin sanyin na'ura, suka tashi tsaye suna tafi. Aka ba Nazir kyauta, wani gunkin ƙarfe mai kama da tsuntsu. Ya hau dandamali da rawani irin na Buzaye wanda bai taɓa naɗawa a gida ba, ya ce ya sadaukar da ita ga dukan uwayen Sahel marasa murya.

Bayan damina ya dawo Azarori, ya ce za a nuna wa mutanen gari. Aka tayar da grup, injin wuta, bayan magariba, aka rataya farin zane a bangon ɗakin siminti, wanda firji ke ciki har yanzu. An gyara wa Hajo bukkar dai, an ce ta fi sauƙin shiga da keken guragu, tunda ba ta da dakali. Aka turo ta gaba, aka ɗaura mata sabuwar atamfa.

Mutane suka cika gida har kan katanga. Da fuskarta ta bayyana tana niƙa, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Ke Hajo, yaushe kika talauce ba mu ji ba?" Aka kwashe da dariya. Da aka zo wurin hawaye, wani ya ce yana jin ƙamshin albasar Alhaji daga nan. Aka sake dariya. Da aka zo wurin fako, inda take takawa ba takalmi, dami a kai, ƙafafunta biyu cif a kan jan dutse, dariyar ta mutu. Kowa ya san takun da ke tafe. Hajo ta kalli ƙafarta ta hagu a jikin bango tana ɗagawa, tana sauka. Ta sa hannu ta gyara zanen da ya rufe dungun.

Aka kunna fitila. Nazir ya ɗauki makirho ya ce duk abin da ya zama, uwarsa ce. Alhaji ya ce Allah ya yi wa yaro albarka, ya fitar da sunan gidan. Wani ya tambayi maganar rijiya, aka ce tana cikin nazari.

Da mutane suka fara watsewa, Nazir ya zo ya durƙusa gaban keken, ya sa mata tsuntsun ƙarfen a cinya.

"Inna, albishirinki. Sun ce suna son kashi na biyu. Yadda tsohuwa ke rayuwa da ƙahwa guda a ƙasar da ba kowa. Wanga karon ba wahala, zama ɗai za ki yi. Sai dai keken ga za mu ɓoye, ki ɗan ja jiki a ƙasa daga bukka zuwa randa."

Hajo ta juya tsuntsun a hannunta, ta ji nauyinsa, ta miƙa masa abinsa.

"Auta, guda ɗai ta rage min. In na ba ka ita, da mi za ka yi na ukku?"

Ya yi dariya, ya ce Inna akwai barkwanci, ya waiga ya ga ko Isiyaku ya ɗauki maganar. Sai ya tuna Isiyaku ya bar masa aiki tun ranar asibiti.

Da safe bayan an karya, Furera ta zo da mijinta da amalanken jaki. Suka ɗauki Hajo, da kekenta, da akwatin atamfofinta, da takalmin roba ƙafa guda. Hajo ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta leƙa gidan Garba ta yi sallama, Ruth ta gaya wa Furera yadda za ta riƙa duba ɗayar ƙafar kowace safiya. Daga nan suka nufi bakin titi inda ake samun motar Tama.

A gidan, kowa ya sami abin faɗa. Alhaji ya ce tsufa ke nan, mutum ya bar ɗakin ɗansa namiji ya tafi gidan suruki, ya ja musu magana a gari, bayan duk kajin da ya kai asibiti. Mansura ta ce Allah shaida ita ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, kuma gaskiya ne, ba ta taɓa ba. A gidan nan ba wanda ya zagi Hajo, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Kullum da safe sai sun durƙusa sun gaishe ta, har ranar da ƙafarta ke ruɓewa sun gaishe ta, sun ce Allah ya ƙara sauƙi. Da za a tara su a rantsar, kowa zai rantse yana sonta, kuma ba za a kama shi da ƙarya ba.

Nazir bai farka ba sai da rana ta ɗaga, don gajiyar taro. Aka gaya masa. Ya fito da gudu ba hula, ya tsaya a ƙofar gida yana duban hanya. Ba kowa, sai sawun amalanke a kan rairayi. Idonsa ya kawo ruwa. Mansura ta ji tausayinsa, ta ce ya yi haƙuri, uwa ba ta fushi da ɗa har abada.

"Tsohuwa, a kan amalanke, ƙahwa guda, tana barin garinsu," in ji shi, "da hasken sahiya irin wanga. Kuma a rasa wanda zai tashe ni?"